Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Motar Ofis Ta Zo, Ina Makomar Ta Gida?

(Jawabin da shugaban reshe ya gabatar a taron malamai da iyalansu na ƙarshen zangon karatu)



Kwamitin walwala ya nemi in yi magana a kan tattalin gida, ya kuma bar mini zaɓin abin da zan taɓo. Na daɗe ina juya abin a raina, domin ni ba masanin tattalin arziki ba ne. Malamin aji huɗu ne ni, kuma abin da na karanta a kwalejin ilimi bai wuce dabarun koya wa yara karatu da lissafi ba. Daga ƙarshe na ga gara in ɗauko tambayar da aka fi yi mini tun ranar da kuka zaɓe ni, aka miƙa mini makullin motar reshe. A masallaci an yi mini ita, a gidan mai an yi mini, har a wajen zaman makoki: "Ciyaman, yaushe za ka sayar da tsohuwar Golf ɗin nan?" Yau zan ba da amsa a gaban kowa, tare da lissafin da ya kai ni ga amsar.

Na san kaɗan ne daga cikinmu za a taɓa ba motar ofis. Amma a nan akwai waɗanda aka ba babur na zagayen makarantu, akwai masu zama a gidajen malamai, akwai kuma 'yan'uwa mata da mazajensu ko 'ya'yansu ke aiki a banki ko kamfani, aka ba su motar aiki. Tambayar duk ɗaya ce: idan wurin aiki ya ɗora maka abin da kake da irinsa a gida, me za ka yi da naka?

Bari in fara da tarihin motar tawa. Na saye ta a 2016 da rancen ƙungiyarmu ta gama kai, aka yi shekara biyu ana yankar albashina. Ƙirar da muke kira Golf 3 ce, 'yar Kwatano, kuma ta shigo ƙasar nan watanni kaɗan kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017. Tun kafin ta zo hannuna ta riga ta manyanta. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, na'urar sanyaya ciki kuwa ban taɓa ganin ta yi aiki ba. Duk da haka, ita ta ɗauko autarmu daga asibiti ranar da aka haife ta, ita ke kawo masara daga gona, kuma da yawa a cikinku kun shige ta zuwa bita ko ɗaurin aure.

Daren da na dawo da motar reshe, na tsaya a ƙofar gida ina kallon motoci biyu a filin da ko ɗaya da kyar yake ɗauka. Gari na wayewa sai ga dillali ya yi sallama, ya ce yana da mai saye, kuɗi a hannu. Yayana ya kira ni ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa. Ka sayar, ka rufe ginin nan naka da ya shekara uku damina na dukansa." Babbar 'yata kuma a lokacin tana jiran sakamakon shiga jami'a, na san kuɗin rajista na tafe. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta karkata ga sayarwa. Maiɗakina ce kaɗai ta ja burki. Ta ce, "Malam, kafin ka karɓi kuɗin kowa, ka faɗa mini: waccan farar motar, tamu ce?" Na ce ta ofis ce. Ta ce, "To, ka ba ni zango ɗaya." Muka yi yarjejeniya ba za a sayar ba sai an yi wata uku ana lura. Abin da na koya a wata ukun nan shi ne jigon maganata.

Abu na farko, sai mutum ya san matsayin motar da aka ba shi. Murnar karɓar makulli kan hana mu yin tambayoyin da ya kamata a yi tun ranar farko. Sunan wa ke jikin takardunta? Zuwa yaushe za ta zauna a hannunka? Wace tafiya aka yarda a yi da ita, wace aka hana? Wa zai zuba mai, wa zai biya bakanike? Wa aka yarda ya tuƙa ta bayan kai? Idan aka yi hatsari a tafiyar da ba ta aiki ba, wuyan wa abin zai hau? Wuraren aiki sun bambanta. Akwai kamfanin da ke bar wa ma'aikaci mota dare da rana, har ya sayar masa da ita da rangwame bayan wasu shekaru. Akwai kuma inda ake ajiye makulli a ofis da zarar an tashi. Wanda bai ga amsar waɗannan tambayoyi a rubuce ba, bai san abin da ke hannunsa ba tukuna.

Ni da na yi wa kaina tambayoyin, amsar ta fito fili. Motar reshe da kuɗinku aka saye ta, daga ɗan abin da ake cirewa a albashin kowane malami duk wata, har da malamar da ke tafiya a ƙasa zuwa makarantar ƙauye. An ba ni ita ne domin zagayen makarantu, da bin haƙƙin membobi a sakatariyar ilimi, da halartar taro a babban birnin jiha. Wa'adina shekara huɗu ne. Aikin koyarwa kuwa, a ƙarƙashin dokar 2022 da ta kai ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 da fara aiki a inda aka fara amfani da ita, mai shekaruna yana da kusan shekara ashirin a gaba. Ashe ina shirin rabuwa da abin hawan shekara ashirin saboda aron shekara huɗu.

Ko shekara huɗun ma babu wanda ya ba ni tabbacinsu. Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba za su tuna abin da ya faru a 2003, lokacin da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alfarmar ma'aikatan tarayya zuwa kuɗi. Motocin ofis da gidajen gwamnati da manyan ma'aikata suka ɗauka tamkar gadonsu ne, takarda ɗaya ta sauya matsayinsu: aka janye, aka yi gwanjon da yawa, aka ce kowa ya karɓi alawus ya nemi nasa. Idan gwamnatin tarayya za ta iya sauya tsari haka, ina ga kamfani, ina ga reshen ƙungiya? Canjin wurin aiki, rashin lafiya, faɗuwa zaɓe, ko sabon shugaba mai sabon ra'ayi, kowanne ya isa ya raba mutum da makulli cikin yini ɗaya. Hausawa sun gama magana da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abu na biyu, sai mutum ya san tafiye-tafiyensa na wane ne. Mu malamai mun saba da rajista, saboda haka na sayi littafi mai shafi arba'in na ja layi a tsakiya. Duk fitar da na yi da mota sai in rubuta ta, ta aiki a dama, ta gida a hagu. Kafin in fara, na ɗauka aikin ƙungiya ne zai cinye littafin. Da zango ya ƙare na ƙirga, sai na tarar ɓangaren gida ya fi yawa nesa ba kusa ba: kai yara Islamiyya ran da aka yi ruwa, cefanen wata, kai niƙa, gona, gaisuwar surukai, asibiti, ta'aziyya. Tafiyar aiki ta fi nisa, amma ta gida ta fi yawa, kuma ita ce ba ta sanarwa kafin ta zo.

Abubuwa biyu sun faru a wannan zango da ba zan manta ba, kuma na farkon laifina ne. Wata Asabar batirin Golf ya ƙi tashi, ni kuma ina da buhunan masara huɗu da zan ɗauko. Na ce a raina, sau ɗaya dai ba ya zama hali. Na ɗauki motar reshe na loda mata buhuna. A bakin kasuwa na ci karo da wani dattijo cikin iyayenmu, wanda ya koyar da ni a aji uku, yana tsaye yana jiran A Daidaita Sahu. Ya dubi motar, ya dubi buhunan, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ashe motar tamu har dako ta iya." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Na rage masa hanya har gida, amma ban iya haɗa ido da shi ba. Mutumin da ya shekara talatin da biyar ana cire masa kuɗin ƙungiya yana tsaye a rana, ni kuma ina jigilar masarata da abin da guminsa ya saya. A daren na gane cewa idan na sayar da tawa, abin da na yi sau ɗaya cikin kunya zai zama abin da zan riƙa yi kullum, har kunyar ta gushe. Mai mota ɗaya tilo, kuma ta ofis, ba ya iya riƙe amanarta, domin larurar gida ba ta san doka ba.

Na biyun ya faru wajen ƙarfe biyu na dare. Ciwon mahaifiyata ya tashi, numfashinta na sarƙewa. A wannan makon sakataren reshe ya tafi da motar ofis babban birnin jiha kai takardun ƙarin girma na membobi, kuma hakan shi ne daidai, domin aikinta ke nan. A unguwarmu, bayan sha ɗaya na dare ko mai acaɓa ba ka gani. Golf ɗin da ake yi wa dariya ita ta kai Inna asibiti, kuma ga ta nan da ranta, tana gaishe ku. Da na bi ta dillali, da a wannan dare ina bin ƙofofin maƙwabta ina ƙwanƙwasawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na uku, kada labaran nan su sa mu manta cewa riƙe mota yana da tsada. Yayana ba maganar banza ya yi ba. Sai dai ya kamata mu raba kuɗin da mota ke ci gida biyu: wanda take ci don ta yi tafiya, da wanda take ci ko tana tsaye.

Na tafiya shi ne mai, kuma kowa ya san halin da aka shiga. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur a gidajen man gwamnati ba ta kai naira 200 ba. A watan Yuli na shekarar ta kai naira 617 a Abuja, zuwa Oktoban 2024 kuma ta haura naira 1,000. Tankin irin motata lita 55 yake ci. Ga lissafin aji huɗu: a kan naira 200, cika shi naira 11,000 ne; a kan 617, kusan naira 34,000; a kan 1,000, naira 55,000. Ku ɗora wannan a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, za ku ga dalilin da ya sa motocin malamai da yawa suka koma kwana a ƙarƙashin bishiya. Amma ku lura, mai kuɗin tafiya ne. Motar da ba ta fita ba, ba ta sha ko lita ɗaya ba, kuma wanda ya sayar da motarsa ma zai biya kuɗin man nan a hannun mai A Daidaita Sahu da direban tasha. Tsadar mai dalili ce ta rage yawo. Ita kaɗai ba ta isa hujjar sayar da mota ba.

Kuɗin tsayuwa shi ne ainihin abin dubawa. Akwai sabunta takardu duk shekara. Akwai inshora, wadda mafi ƙanƙantarta, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Sannan akwai lalacewar zama, wadda mutane da yawa ba su sani ba. Mota ba kamar buhun gero ba ce da za a ajiye a rumbu. Batir yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba. Fetur da ya daɗe a tanki yana lalacewa ya toshe hanyoyin mai. Birki yana yin tsatsa da damina, robobin inji suna bushewa su fara yoyo, ɓeraye kuma su shiga su ci wayoyi. Taya ma tana tsufa ko ba ta taka kwalta ba. Ku duba gefen tayarku, akwai lambobi huɗu: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Idan kun ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna duba wannan lamba, kuma suna da gaskiya. Bakanikena ya ce mini, "Malam, mota 'yar tafiya ce. Ko sau ɗaya a mako ka fita da ita har inji ya yi zafi sosai, kada ka tsaya ga tayar da ita a tsakar gida." Duk wanda zai riƙe mota ta biyu, ya haɗa waɗannan kuɗaɗe na shekara, ya raba sha biyu, ya dubi abin da ya fito ya tambayi kansa ko albashinsa zai ɗauka ba tare da tukunya ta ji a jikinta ba.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi ba ni tsoro: in ka sayar yau, za ka iya sayen irinta ranar da aka karɓe makulli? A ƙasashen da kuɗinsu ke zaune, mota kullum faɗuwa take yi, saboda haka ana ba mutum shawara ya sayar da wuri. Mu nan lamarin ya sha bamban, domin kusan duk motar da muke hawa da kayan gyaranta daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ina da aboki, ba malami ba ne, wanda kamfaninsu ya ba shi mota a farkon 2023, ya sayar da tasa da kyakkyawan farashi, kowa ya ce ya yi dabara. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni aka rage ma'aikata, har da shi. Ya koma wajen dillalai, ya tarar ko da kuɗin na nan cif-cif ba za su sayi rabin irin motar da ya sayar ba. Kuɗin kuma ba sa nan.

Wannan shi ne ɗaya gefen matsalar. Kuɗin da ba a yanka musu wurin zuwa ba kafin su shigo, narkewa suke yi kamar ƙanƙara a watan Afrilu. Mu da ke zaune cikin dangi mun san yadda abin yake. Labari zai bazu cewa Malam ya sayar da mota. Wannan zai zo da takardar asibiti, wancan da bikin 'ya, wani da rancen da zai biya ƙarshen wata, kuma duk da gaskiyarsu. Ba ka iya cewa babu, domin an san akwai. Kafin shekara ta zagayo, ba mota, ba kuɗi, sai labari. Sai dai in yi gargaɗi ta ɗaya ɓangaren: kada wanda ya riƙe motarsa ya ga farashinta ya hau a naira ya ɗauka riba ya ci. Motar tana ƙara tsufa, naira ce ta faɗi. Mota ba jari ba ce, kayan aiki ce.

To, shin babu lokacin da sayarwa ta fi? Akwai, kuma ba zan so wani ya fita daga nan ya ce Ciyaman ya hana sayar da mota ba. Idan bashi ya shaƙe mutum, musamman irin wanda ke hauhawa duk wata, sauke shi ya fi riƙe ƙarfe. Idan motar ta zama ta gareji, albashi na shiga ta wannan aljihu yana fita ta wajen bakanike, rabuwa da ita hutu ne. Idan takardar aikinka ta halatta maka hidimar iyali da motar ofis, aikin kuma mai ɗorewa ne, gidanka yana cikin gari kusa da asibiti inda abin hawa ba ya yankewa, to hujjar riƙe ta biyu ta yi rauni. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kansa: a san inda kuɗin za su tun kafin a karɓe su, kuma su tafi can a makon da aka karɓa. In fili ne, a biya. In rufin ɗaki ne, a sayo kwano da katako. In kuma za a rage girma ne, a sayar da mota a sayi babur, ragowar a zuba a asusun gama kai inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi.

Wanda ya yanke shawarar sayarwa kuma ya yi ta bisa ƙa'ida. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a je ofishin lasisi a sauya sunan mai mota. Muddin sunanka na jikin takardu, duk abin da aka aikata da motar ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. A yi maganar la'adar dillali tun farko. A kuma yi hattara da sayar wa ɗan'uwa bashi, domin sau da yawa motar na tafiya, zumuncin ya bi ta.

Wasu sun ba ni shawarar in ba direba ita ya riƙa haya yana kawo mini balas. Na yi tunani na ƙi. Lambar motar gida shuɗin rubutu gare ta, ta haya ja, kuma takardunsu da inshorarsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya yi haya da takardun gida ya saɓa doka. Ban da haka, tsohuwar mota a hannun wanda ba shi ya saya ba, wata shida ya ishe ta. Kuma ranar da Inna za ta buƙace ta da tsakar dare, tana can wani gari.

Ga abin da muka yanke, ni da maiɗakina, bayan zangon ya cika. Ba mu sayar ba. Ta shiga makarantar koyon tuƙi ta karɓi lasisi, yanzu ita ke fita da Golf zuwa kasuwa da asibiti, ta haka motar ba ta zauna ta lalace ba, gidan kuma ba ya tsayawa in na yi tafiya. Muna ware wani abu kaɗan duk wata a ambulan domin takardu da batir da taya. Motar reshe kuwa a sakatariya take kwana, da littafi a cikinta da ake rubuta kowace fita: ina aka je, don me, kilomita nawa, man nawa aka zuba. Duk memban da ya so ya duba, haƙƙinsa ne.

Shawarar ba ta zo kyauta ba. Ginin nan nawa ya ƙara shan damina ɗaya babu rufi, har bango guda ya tsage. Kuɗin rajistar 'yata sai da muka haɗa da kwasar adashen mahaifiyarta da rancen gama kai, wanda har yanzu ake yanka. Yayana ya yi wata biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice. Wani a matsayina zai iya zaɓar rufin ɗaki, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a yanke irin wannan shawara a makon murna, kuma kada a yanke ta ba tare da waɗanda za su ɗanɗana sakamakonta ba. Mu maza mukan ɗauka mota tamu ce, alhali mai ɗaukar yaro mai zazzaɓi a baya ta tsaya bakin titi ita ta fi kowa sanin darajarta.

Ina da roƙo guda ga reshe kafin in zauna. A taronmu na gaba, mu rubuta ƙa'idar amfani da motar ƙungiya da baburanta, mu amince da ita, ta hau kaina kafin ta hau kan wanda zai gaje ni. Yin haka zai kare dukiyarku, ya kuma kare shugabanninku daga irin kunyar da na sha a bakin kasuwa.

Ranar da wa'adina zai cika tana nan tafe, ko ina so ko ba na so. A ranar zan miƙa makulli ga wanda kuka zaɓa, in koma ajina na huɗu, wanda dama ban bar shi ba. Burina shi ne in miƙa motar da lafiyarta da littafinta cikakke, sannan in fita waje in tarar da maiɗakina ta zo ɗaukata a tsohuwar Golf, ko da sai yara sun tura ta ta tashi.

 Allah Ya sa albarka a albashinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.